Idan hazo ko hadari ya tare ƙaramin jirgi a sama, me ke hana matuƙi juyawa?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar jiragen sama da ke wannan zaure. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ce abin da ya jawo faɗuwar jirgi mai saukar ungulu da ya yi ajalin Herbert Wigwe na bankin Access, da matarsa, da ɗansu, da Abimbola Ogunbanjo, da matuƙa biyu, a daren 9 ga Fabrairun 2024 a Kalifoniya, shi ne matuƙin ya ci gaba da tafiya har ya kutsa inda ba ya ganin gabansa, ya rikice. Na duba na ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant a 2020, kusan magana ɗaya ce. Abin da ya ɗaure min kai, mutum yana gani da idonsa gari ya rufe, shi ma ransa yana cikin jirgin, me zai hana shi komawa inda ya fito? Ni dai ganganci na ɗauke shi. In da abin da ban sani ba a fahimtar da ni.

DanKurmi77:
Wa alaikumus salam. Kwana ne ya ƙare, ɗan'uwa. Idan ajali ya yi kira ko babu ciwo sai an je.

TsohonMatuki:
Wa alaikumus salam Abu Hanan. Da ƙananan jirage na yi aiki har na ajiye, bari in faɗi abin da na sani.

Tuƙi iri biyu ne. Akwai na gani da ido, wanda muke kira VFR. Kana kallon ƙasa, kana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa, da su kake sanin jirginka a miƙe yake ko ya karkata. Akwai kuma na na'ura, IFR, wanda ko ba ka ganin komai a waje, agogunan da ke gabanka su ne idonka. Kowanne da horonsa da izininsa. A ƙa'ida, mai tuƙin ido da ke ƙasa da ƙafa 10,000 ana son ya iya hangen kilomita 5, ya nisanci gajimare da mita 1,500 ta gefe, da ƙafa 1,000 ta sama ko ta ƙasa.

Inda ka ce yana gani gari ya rufe, a nan zan ɗan gyara maka. Da wuya gari ya rufe lokaci guda. A hankali yake zuwa. Kana hangen kilomita 10, sai ya koma 8, ya koma 6. Gajimare yana saukowa, kai ma kana ɗan sauka don ka zauna a ƙarƙashinsa. Kowane mataki ƙarami ne, babu wanda ya kai ya firgita ka. Zuciya kuma tana ce maka gaba kaɗan zai washe, ai saura minti goma ka isa. Kafin ka ankara ƙasa ta matso, tudu yana gaba, ka waiga bayan ma ya rufe. Juyawar da kake magana a kai tana da lokacinta, kuma lokacin shi ne tun kana ganin abin bai kai ya kawo ba. Wahalar ke nan.

Abu_Hanan:
Na gode Kyaftin. To amma ko ya shiga gajimaren, ai jirgi ba ya faɗuwa don ya shiga gajimare. Me zai hana ya riƙe sitiyarinsa a miƙe har ya fita?

Dakta_Zainabu:
Kyaftin ya ba ni dama in amsa wannan, don ya shafi ɓangarena. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, da ruwa a cikinsu. Motsin ruwan nan ne yake gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Amma farkon juyi kawai yake ji. Idan jirgi ya karkata a hankali sosai, kunne ba ya ji sam. Idan kuma ya daɗe yana kewaye da gudu ɗaya, bayan daƙiƙa kamar 20 ruwan yakan lafa, sai jiki ya ce ai a miƙe muke. Daga nan idan matuƙi ya daidaita jirgin da gaske, sai ya ji tamkar ya karkata ɗaya gefen, sai hannunsa ya mayar da shi cikin karkatar farko. A ƙasa ido ne yake gyara wannan kuskuren kullum ba tare da mun sani ba. A cikin gajimare ko duhu babu abin da ido zai kama. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuma rashin jarumta ba, haka aka halicci kowa.

Dalibin_Zariya:
Gaskiya ne Dakta. Ina koyon tuƙi a Zariya, kuma tun farko ake karantar da mu wani gwaji da Jami'ar Illinois ta yi a 1954. An ɗauki matuƙa 20 da ba su da horon na'ura, aka sa su a jirgin Beechcraft Bonanza, aka rufe musu ganin waje. Dukkansu jirgin ya ƙwace musu. Wani cikin daƙiƙa 20, wanda ya fi daɗewa daƙiƙa 480, matsakaicinsu daƙiƙa 178. Ko minti uku bai cika ba. Ni ranar da malamina ya sa na rufe ido, ya ɗan juya jirgin, ya ce in faɗa masa ina muka nufa, da cikakken yaƙini na ce muna hawa ta dama. Da na buɗe ido sai ga mu muna gangarawa ta hagu.

Abin da ake koya mana idan muka faɗa gajimare ba shiri: ka ɗauke ido daga taga, ka kafa shi kan agogon da ke nuna karkatar jirgi, ka daidaita fukafukai, ka yi juyi a hankali, digiri 3 a daƙiƙa, minti ɗaya cif ka fuskanci inda ka fito. Faɗa da baki da sauƙi.

Abu_Hanan:
To na yarda da na ɗalibai. Amma matuƙin Kobe fa? Ara Zobayan ya yi sama da awa 8,000 a sama, shi ne babban matuƙin kamfaninsu, yana da izinin tuƙi da na'ura. Shi ma kunnen ne?

TsohonMatuki:
Shi ma kunnen ne. Ka duba abin da binciken ya nuna: ya gaya wa hasumiya, wato masu kula da zirga-zirgar jirage daga ƙasa, yana hawa zuwa ƙafa 4,000 don ya fita saman gajimare, alhali a daidai lokacin jirgin ya karkata hagu yana gangarawa da gudu. Ba ƙarya ya yi musu ba, abin da jikinsa ya gaya masa ya faɗa. Mutum tara suka rasu a tsaunukan Calabasas ranar 26 ga Janairun 2020.

Izini a aljihu daban, sabo daban. Kamfanin da yake wa aiki tuƙin ido kaɗai aka yarje masa ya yi da fasinja, don haka ba kullum yake shiga gajimare ba. Sannan wanda ya tashi da shirin tuƙin na'ura, hankalinsa yana kan agogo tun daga ƙasa, ba ɗaya yake da wanda yake leƙen titin mota ta taga, kwatsam fari ya rufe shi ba. Na biyun nan a firgice yake komawa kan agogo, kuma sau da yawa ya makara.

Maman_Ilham:
Ni fa ina ganin kuna zagaye ainihin maganar. Ku duba su waye a cikin jiragen nan: attajiri, ɗan wasa, gwamna, shugaban ƙasa. Ibrahim Raisi na Iran ma a hazo ya tafi a watan Mayun 2024, shi da ministansa na harkokin waje. Wane matuƙi ne zai kalli irin waɗannan ya ce yau ba za a tafi ba? Ana ɗora wa mamaci laifi don ba zai iya kare kansa ba.

Tsohon_Furotokol:
Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na yi aikin shirya tafiye-tafiyen wani babba, ba zan kama suna ba. Wata rana da damina muna da taro da yamma a wata jiha, an ɗauko hayar ƙaramin jirgi. Matuƙin ya duba rahoton yanayi, ya fita ya kalli gabas, ya dawo ya ce a dakata. Maigidan bai ce masa uffan ba, mu na kusa da shi ne muka yi masa caa. Wani yana cewa jama'a suna can suna jira a rana, wani yana cewa ai wancan matuƙin na da ba ya irin wannan tsoron. Bawan Allah ya tsaya a kan bakansa. A mota aka tafi, aka isa an watse. Ruwan kuma ƙarshe bai sauka a hanyar ba. Tun daga ranar aka ce wa kamfanin kada su sake turo shi. To wanda ya ga haka ta faru da abokin aikinsa, gobe me kuke zaton zai yi?

Dalibin_Zariya:
Allah sarki. Shi wanda ya ƙi tashi babu mai yaba masa, don babu wanda ya ga abin da ya kauce wa.

Injiniya_MB:
A yi adalci kuma. A na Kobe masu bincike sun ce ba su sami shaidar cewa shi ko kamfanin sun matsa wa matuƙin ba. Matuƙin ne ya matsa wa kansa, saboda sabo da ke tsakaninsu da son kada ya ba shi kunya. Ni wannan ya fi ba ni tsoro, don wanda aka yi wa tsawa yana iya yin gardama, amma wanda kunya ta kama da wa zai yi? A na Wigwe kuma akwai abin da Abu Hanan bai ambata ba. Na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ta lalace, an sani tun kafin a ɗauki fasinjojin, ba a samu an gyara ba, aka tafi a haka, cikin dare, a hamada, ga ruwa da dusar ƙanƙara. Hukumar ta ɗora wa kamfanin nasa kason na sakaci.

DanKurmi77:
Duk wannan dogon turancin, wanda Allah ya rubuta zai kai gobe sai ya kai.

Malam_Na_Tudu:
Ɗan Kurmi, babu mai musun ƙaddara a cikinmu. Amma ka tuna lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya samu labarin annoba, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, sai ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Matuƙin da ya ga hadari ya juya, wannan sunnar ya bi. Kuma rayukan da ke bayansa amana ce. Bincike ba don a tozarta wanda ya rasu ake yi ba, don na raye ake yi.

DanKurmi77:
Na karɓa Malam, Allah ya ƙara sani. Ni dai ba na son a riƙa zagin mamaci ne.

Basakkwace_Asali:
Mu Sakkwatawa ba mu manta 29 ga Oktoban 2006 ba. Jirgin kamfanin ADC ya tashi Abuja za shi Sakkwato, bai yi nisa ba ya faɗi, mutum 96 sunka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi. An gaya ma matuƙin halin da iska take ciki, wani jirgin ma ya zaɓi ya jira, shi ya tashi. Allah ya jiƙansu da rahama.

Injiniya_MB:
Amin. Sai dai wancan Boeing 737 ne, babban jirgi, mu kuma kan ƙanana muke. Amma ka kawo misali mai kyau, don iskar da ta kayar da mai injin biyu irin wannan, me za ta yi wa Cessna mai kujera huɗu? In ƙaramin jirgi ake nema a gida, ga na marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba. Ranar 25 ga Oktoban 2012 shi da kansa ya tuƙo Cessna Caravan daga Jalingo zuwa Yola, ya faɗi kusa da Yola bayan faɗuwar rana. Rahoton bincike ya ce ba shi da izinin tuƙa irin wannan jirgin, kuma tuƙin ido ya yi har duhu ya shiga. Sun tsira da rai amma bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2017.

Maman_Ilham:
To a nan matuƙin shi ne maigidan. Wa zai ce masa a'a?

Issoufou_Damagaram:
Sallama gare ku daga Nijar. Kuna ta maganar gajimare da hazo irin na Turai, mu nan ƙura ce matsalarmu. Da hunturu iska takan kwaso ta daga kwarin Bodele a Chadi, ta bi ta kanmu ta gangara Kano har bakin teku. Na sha shiga ƙananan jiragen ma'aikatan agaji tsakanin Yamai, Damagaram da Difa. Abin da ya ba ni mamaki, idan ka leƙa ƙasa tsaye kana ganin gonaki da rugage sarai, amma ka kalli gaba, ja ne kawai, ba ka san inda sama ta ƙare ƙasa ta fara ba. Wani matuƙi ya taɓa ce min ƙura ta fi gajimare yaudara, don gajimare kana ganin bakinsa ka kewaye, ita kuwa kana ciki kana zaton kana waje.

TsohonMatuki:
Wanda ya gaya maka haka ya san aikinsa, Malam Issoufou. Ƙara da yamma, ka nufi yamma, rana tana dukan ƙurar a fuskarka. Titin sauka yana ƙarƙashinka ka gan shi, kana juyowa ka daidaita da shi sai ya ɓace. Mai saukar ungulu kuma yakan tayar da tasa ƙurar da kansa. Ita ce ta kayar da jirgin Farfesa Osinbajo a Kabba ranar 2 ga Fabrairun 2019, ƙura ta turnuƙe dab da sauka matuƙa suka daina ganin ƙasa. Allah ya kiyaye, duka suka fita da rai.

Mai_Hasashe:
Ni ma'aikacin hasashen yanayi ne, kuma ina so in ce wani abu kan kalmar da ake yawan faɗa, wai yanayi ya zo ba zato. Wani lokaci gaskiya ne, amma ba kullum ba. Filayen jirgi suna fitar da rahoton halin da ake ciki duk awa ko rabin awa, akwai kuma hasashen sa'o'i masu zuwa. A Najeriya NiMet ce ke yi, a Nijar ASECNA. Inda gizo ke saƙar shi ne rahoton na filin ne da kewayensa. Ka karɓi na Kano, ka karɓi na Maiduguri, duka lafiya, amma ɗaruruwan kilomitan da ke tsakani fa? Hoton tauraron ɗan'adam yana taimakawa, sai dai hadarin damina yana iya haɗuwa cikin ƙasa da awa guda da rana tsaka.

Kowane manomi ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa. Yakan jeru layi guda mai tsawon gaske ya nufo yamma, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya. Kansa yana wuce ƙafa 40,000, ƙaramin jirgi ba zai haye shi ba. Bi ta ƙarƙashi kuma shi ne mafi muni, don a nan iska take dannowa ƙasa. Shawarar da hukumar jiragen Amurka ke bayarwa ita ce a ba babban hadari tazarar mil 20.

Zango_Kumasi:
Wannan iska mai dannowa ƙasa ita aka ce ta kayar da jirgin sojanmu na Ghana ranar 6 ga Agustan 2025, daga Ankara za shi Obuwasi. Mutum takwas, har da ministan tsaro Omane Boamah da Alhaji Ibrahim Murtala Muhammed ministan muhalli, ɗan majalisar Tamale. Dajin Adansi tudu ne da hazo da safe. Har yanzu zango ana jimami.

Malam_Na_Tudu:
Allah ya gafarta wa musulminsu, ya ba iyalai haƙuri baki ɗaya.

Gunners_Fagge:
Ba wanda ya tuna ɗan ƙwallo Emiliano Sala? Cardiff ta saye shi daga Nantes fam miliyan 15, ko wasa ɗaya bai buga musu ba. 21 ga Janairun 2019, cikin dare, ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi ya faɗa teku, ya rasu.

Injiniya_MB:
Na Sala ya haɗa abubuwa da yawa. Matuƙin ba shi da izinin tashi da dare, ba shi da na ɗaukar fasinja don kuɗi. Yana juye-juyen kauce wa mummunan yanayi jirgin ya ƙwace masa, ga kuma hayaƙin injin mai guba da aka samu a jinin Sala, wanda ake ganin shi ma matuƙin ya shaƙa. Amma ga abin da zai yi wa Hajiya daɗi: kotu a Birtaniya ta ɗaure wanda ya shirya tafiyar wata 18 a 2021. Ba a tsaya kan mamaci ba.

Maman_Ilham:
Haka ya kamata. Ranar da aka fara tambayar wanda ya yi waya ya ce dole a tashi, za a ga canji.

Abu_Hanan:
Ina bin ku duka. Amma bari in koma tambayata ta wata fuskar. Jirgin Kobe da na Wigwe duk masu saukar ungulu ne. Direban mota idan hazo ya rufe shi a hanyar Zariya, gefe yake samu ya faka har gari ya washe. Shi ma wannan ai ko a fili ko a gona yana iya sauka. Me ya sa ba sa yi?

TsohonMatuki:
Wannan tambayar taka ta fi ta farko ƙarfi, kuma a nan ina tare da kai. A Amurka ƙungiyar masu irin waɗannan jirage ta daɗe tana kira ga matuƙa cewa idan abu ya rikice su sauka kawai. Abin da ke hana su, kunya ce da tsoron tambayoyi. Za a ce ka sauke attajiri a gonar mutane, za ka rubuta bayani, za a yi ta magana. Haka ma kiran hasumiya ka ce ina cikin matsala, a taimake ni, matuƙa da yawa suna jin nauyinsa, alhali doka ta ba matuƙi ikon kauce wa kowace ƙa'ida idan rai yana cikin haɗari, kuma hukuncin ƙarshe a jirgi nasa ne, ba na mai jirgin ba.

Bakatsine_Jibiya:
Kyaftin, da girmamawa, wannan shawarar ta can ce. A ce hadari ya tare ka a saman dajin Rugu ko wani yanki na Zamfara ko Borno, da babban mutum a bayanka, ka sauka a ina? Wanda zai fara isowa wurinka ba lallai mai taimako ba ne. Matuƙinmu yana auna abin da na Kalifoniya bai taɓa aunawa ba.

TsohonMatuki:
Ban musa ba ko kaɗan, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Abin da zan ce, wanda ya san ba shi da wurin sauka a hanya, shi ya fi kowa buƙatar ya tsaurara sharaɗinsa tun a ƙasa. Ƙa'ida ta ce mai tuƙin ido a jirgi mai fukafukai ya ɗauki man da zai kai shi, da ƙarin na minti 30 da rana, 45 da dare. A irin hanyar da ka faɗa ni ba zan tashi da wannan kaɗai ba, sai da man komawa gida. Kuma kafin in tayar da inji nakan yanke wa kaina: idan gajimare ya tilasta min sauka ƙasa da tsayi kaza, ko na daina hangen nisa kaza, na juya, babu shawara. Nakan kuma gaya wa fasinja tun yana ƙasa, don kada ya ji sabon zance a sama.

Tsohon_Furotokol:
Wanda muka kora ma haka ya yi, Kyaftin.

Issoufou_Damagaram:
Shi ya sa na fi natsuwa da jiragen agaji. In sun ce an soke, an soke, ko wane ne kai sai ka jira gobe. Matuƙin ba shi kaɗai yake ɗaukar nauyin cewa a'a ba, ofis ne ya faɗa.

Abu_Hanan:
Na janye kalmar ganganci a kan abin da ke faruwa bayan an shiga gajimare, Dakta ta gamsar da ni. Amma kan tashi da na'ura a lalace cikin dare, har yanzu ina nan a kan bakana.

Maman_Ilham:
Ni kuma ina nan a kan nawa. Ka je ka bincika wa zai biya shi albashi in ya ƙi tashin. Kyaftin, tambaya ta ƙarshe daga gare ni: ɗana yana aiki da kamfanin da ke kai su daji a ƙaramin jirgi. In ya ga gari bai yi masa ba, yana da bakin magana?

TsohonMatuki:
Yana da shi, Hajiya. Ya tambayi matuƙin tun a ƙasa: in hanya ta rufe, ina za mu sauka? Matuƙin kirki zai ba shi amsa nan take, da sunan gari. Ya kuma ce masa, ni ba na sauri, in ka ga a juya mu juya. In ya ga ana ta sauka ƙasa-ƙasa ana bin titin mota, ya sake faɗa.

Bakatsine_Jibiya:
In shi kaɗai ne fasinja ke nan. In manajansa yana kujerar gaba yana duba agogo, yaron ba zai iya buɗe baki ba, Kyaftin. Mai Hasashe, ku a ofishinku kuna da ikon hana jirgi tashi, ko sai dai ku ba da takarda?

Mai_Hasashe:
Takarda muke bayarwa, mu yi bayani in an tambaye mu. Hasumiya tana iya hana mai tuƙin ido tashi idan ganin filin ya gaza ƙa'ida. Amma in filin tashi garau yake, matsalar tana can gaba a hanya, babu wanda zai riƙe shi. Wasu matuƙan sukan zo da kansu su zauna mu duba hoton tare, wasu kuma yaro suke aikowa ya karɓa.